Shaidar Shanu a Jikin Faifai

Ni ba a gidan ɓarayi aka haife ni ba. Mahaifina tela ne a Birnin Kudu, mutum ne da ko guntun ƙyalle ya rage a ɗinki sai ya ninke ya mayar wa mai shi. Bayan na gama sakandare aka tura ni Kano wurin ƙanin mahaifiyata, na koyi gyaran kwamfuta. Na dawo gida na buɗe ɗan shago kusa da tasha. Hannuna yana da kyau, wannan ko maƙiyina ba zai musa ba. Zuciyar ce ta lalace, kuma ba rana ɗaya ta lalace ba.

Akwai wata matsala da aka fi kawo mini. Mutum zai kunna kwamfutarsa ta tebur, sai ya ga baƙin allo da layi ɗaya na Turanci, wai ba ta ga manhajar da za ta tashi da ita ba. Duk wanda ya ga wannan sai ya ɗauka komai nasa ya tafi. Alhali sau da yawa abin bai taka kara ya karya ba. Wani ya manta filashi ne a jiki, ita kuma tana ta neman manhaja a cikinsa. Wani wayar da ke haɗa faifan ajiya ce ta saki saboda jijjigar hanya. Wani kuma ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo ya mutu, sai kwamfutar ta manta inda za ta duba. Aikin minti biyar ne. Kawuna ya koya mini in fara da waɗannan, in yi su a gaban mai kaya.

Ranar da na fara kaucewa, wani mai shagon buga takardu ne ya kawo tasa. Na ga filashin a baya tun kafin ya sauke ta. Maimakon in zare a gabansa, sai na ce ya dawo gobe. Da ya dawo ya same ta tana aiki, ya yi ta sa mini albarka, ya ce ni likita ne. Na ji daɗin sunan. Daga nan ban sake gyara komai a gaban kowa ba.

Daga "dawo gobe" sai na koma "faifanka ya mutu". In cire lafiyayye, in sa mataccen da na tara a kwali, in nuna wa mutum baƙin allon in girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Lafiyayyen kuma in goge shi tas in sayar. Farkon abin gabana yana faɗuwa. Daga baya ya daina. Ba zan ce ina jin daɗi ba, ba zan ce ina jin tsoro ba. Kamar mai ɓare gyaɗa nake yi, hannu na aiki, hankali na wani wuri.

Wata ranar Laraba da hantsi wani dattijo ya sauka daga babur a ƙofar shagona, rungume da kwamfuta a naɗe cikin bargo. Sunansa Malam Jauro, makiyayi ne daga wajen Dingaya a ƙasar Gwaram. Ya ajiye ta a hankali, ya ce, "Ɗana, an ce kai ne gwanin abin nan."

Na ce, "Allah ne gwani, Baba. Me ya same ta?"

Ya ce ta ɗansa ce, Usmanu, wanda ya yi karatun kula da lafiyar dabbobi. Ya rasu a haɗarin mota bara, wayarsa ma ba a same ta ba. Tun rasuwar ba wanda ya taɓa kwamfutar, sai da uwarsa ta matsa, aka kai gidan mai janareta aka kunna, ta ƙi tashi. Ya ce, "Ni ban san kanta ba. Amma abokansa sun ce hotunansa suna ciki, har da wanda yake magana. Uwarsa muryarsa kawai take so ta ji. Ba mu da wani hoton nasa ko ɗaya."

Na ce ya je ya yi sallah ya ci abinci, ya dawo bayan la'asar.

Batirin ne. Shekara guda a ajiye, dole ya mutu. Na sa sabo, na shiga saiti na nuna mata faifanta, ta tashi lafiya lau. Hoton wani saurayi ya cika allon, yana tsaye a cikin shanu. Ban tsaya kallonsa ba. Na duba girman faifan, na ga babba ne, irin wanda wani mai shago a Gwaram ya daɗe yana nema. Na kashe ta, na kwance shi. A jikin ƙarfen na ga an yi wani zane da ƙusa, layi biyu da ƙugiya a ƙasa. Na ɗauka ƙarzanewa ce kawai. Na sa matacce a gurbinsa.

Da Malam Jauro ya dawo na kunna masa baƙin allo. Ya daɗe yana kallon rubutun da ba ya iya karantawa. Ya ce, "Babu dabara?" Na ce, "Wallahi Baba, ya ƙone." Na rantse, kuma harshena bai yi nauyi ba. Ya ce, "Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ka yi ƙoƙarinka." Ya naɗe ta a bargon kamar yadda ya kawo ta. Washegari na goge faifan. Goge shi bai kai tsawon shan shayi ba. Na sayar wa mai shagon Gwaram ɗin.

Abin da ban sani ba, mutanen nan duk abin da suka mallaka sai sun sa masa shaidar gidansu, irin wadda suke yi wa shanunsu. Ƙwarya, sanda, fartanya, har tankin babur. Usmanu ya yi boko, amma bai bar wannan ba. Bayan wata huɗu mai shagon Gwaram ya kira wani ya share masa ƙurar kwamfuta, aka yi dace mutumin ɗan wan Malam Jauro ne. Yana buɗewa ya ga shaidar shanun kakansa. Aka buɗe kwamfutar Usmanu da ke gida, aka ga faifan ciki ba shaida. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da 'yan sanda suka kwashe kwalin shagona, mutane suka yi ta fitowa, kowa da labarin faifansa da ya "mutu".

A kotu ban yi gardama ba. Alƙali ya tambayi Malam Jauro ko yana da magana. Ya ce shi ba diyya ya zo nema ba, a tambaye ni ko za a iya dawo da abin da ke ciki. Na ce ba za a iya ba, an goge, an kuma yi wata huɗu ana rubutu a kansa. Wannan ce gaskiyar farko da na faɗa masa. Aka yanke mini shekara biyu.

Gidan yari ba ni da dogon labari a kansa. Ana tashi, ana ƙirga mu, ana ci, ana kwanciya. Wasu suna kuka, ni ko kukan bai zo mini ba. Mahaifina ya zo sau ɗaya, ya zauna, bai ce komai ba sai "Ka riƙe sallah." Ya rufe shagon ɗinkinsa a shekarar, wai idonsa ne. Na san ba idonsa ba ne.

Da na fito, limamin unguwarmu ya ce mini tuba tsakanina da Allah abu ne mai sauƙi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe. Na hau mota zuwa Gwaram, na hau babur zuwa rugarsu. Na tarar da Malam Jauro a gindin bishiya yana tufkar igiya. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Ya ce, "Uwarsa ta rasu da damina. Ni na yafe nawa. Nata kuwa ba ni da ikon ba ka."

Can ya ajiye igiyar, ya matso, ya ce, "Amma an ce ta tashi a hannunka. Kenan ka gan shi. Kai ne na ƙarshe da ya gan shi. Yaya yake a hoton? Yana dariya?"

Na iya ƙarya, sana'ata ce ta shekaru. Da na ce yana dariya, da dattijon ya ji sanyi. Na laluba kaina, na tarar ina tuna girman faifan, ina tuna launin wayar da ke haɗa shi, ina tuna zanen ƙusar. Fuskar babu. Na ce, "Baba, ban duba ba."

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki igiyarsa. Ya sa aka kawo mini nono, na sha, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Yanzu ina gyara a teburin wani, a bakin titi, inda kowa ke ganin hannuna. Ku matasa masu koyon sana'a, kowace iri ce, ga abin da zan ce muku. Ba da satar faifai na fara ba, da "dawo gobe" na fara. Duk aikin da za ka iya yi a gaban mai shi, yi shi a gabansa. In filashi ne, zare ka nuna masa. In batir ne, ce masa batir ne. Wanda ya kawo maka abin da bai san kansa ba, amana ya kawo, kuma ba ka san me ke ciki ba. Ranar da ka yi ƙarya ka ji gabanka bai faɗi ba, ranar ce ya kamata ka ji tsoro. Ni na gama zaman da alƙali ya yanke mini, amma har yau ina bin fuskokin samari a tasha da kallo, ko Allah zai sa in tuna ta Usmanu.