Yatsa Na Tafiya, Ido Na Kan Akuya

Wayata ba ta huta ba tun ranar da aka sanar da sabuwar doka a makarantar su ɗiyata, can wajen Ƙofar Kwaya. Wai duk yaron da bai iya karatu ba a ƙarshen shekara zai maimaita aji, malamin da ajinsa ya faɗi kuma a canza mashi wurin aiki.

Akwai gurup da aka tara mu a ciki, iyaye da malamai. Ni a aji huɗu na tsaya, dogon rubutu wuce shi nake yi, sai dai saƙon murya. Ina wanke-wanke ina saurare, ina tankaɗe ina saurare, ran nan har miya ta kama.

Wani Alhaji ya ce, "Madalla! Dama wasu hira ke kai su makaranta."

Wani malami ya mayar mashi, "Alhaji, zo ka riƙe mani ajin nan zuwa azahar. In ka fito da hularka a kai, na yarda."

Aka yi ta turo dariya, ni ko ban yi ba. Ɗiyata tana aji biyu. Kullum bayan la'asar takan buɗe littafi ta yi mani karatu tiryan-tiryan, ba gargada. Amma na lura idonta na kan ƙofa, ko kan akuya, yatsa na tafiya shi kaɗai. Karatu ne wannan ko hadda? Babanta wuni yake bisa babur, wa zan tambaya?

Na danna na yi magana na goge ya fi a ƙirga. Muryata ce fa, duk unguwa sai an gane ta. Daga ƙarshe na daure na tura: "Don Allah malamai, yaya uwa za ta gane ɗanta ya iya karatu?" Kafin in ajiye wayar, gardamar ƙarancin benci ta binne saƙon.

Washegari malamar ajinsu ta kira ni, ni kaɗai.

"Maman yara, ba abin kunya ba ne. Ki rufe hoton da ke littafin da hannunki, ki nuna mata kalma daga ƙasan shafi."

Na yi yadda ta ce. Ɗiyata ta dubi kalmar, ta dube ni, ta fara ɓamɓarar yatsuna.

"Umma, ɗaga in gani mana."

Ban ɗaga ba. Da ɗayan hannun na laluba wayar.

"Malama, da sauran lokaci kuwa?"

Ta ce daga gobe in riƙa kawo yarinyar da wuri, kafin a kaɗa ƙararrawa.