Ƙahon da Na Yi Kafin Gwajin Jini

Ranar da bugun zuciya ya kayar da ni a kasuwar Utako, ina tsakiyar auna wa wata Bayerabiya wake ne. Aka kwantar da ni asibiti, Allah Ya tashi kafaɗata. Sai babban ɗana, wanda ke aikin gwamnati yana shaƙe wuyansa da igiya kullum, ya yanke hukunci: za a gwada jinina, in ya nuna ciwon na iya dawowa, a rufe rumfata in zauna gida a Dutse Alhaji ina kallon bango.

Jini kuma ya zama ɗan duba? Ban yi nisa a boko ba, amma na san mataccen jini wanzami ke fitar da shi. Ana jibi gwaji na sulale Mpape wurin wani wanzami abokina, ya kafa min ƙaho a baya, don likita ta tarar da jini wankakke. Ya tsaga. Jini ya ƙi tsayawa. Ya danne da tsumma yana roƙona:

"Alhaji, don Allah in mutuwar ce ka bari sai ka koma gida."

Ranar gwaji likitar, sa'ar autata ce, ta ɗaga rigata ta ga shaida.

"Baba, wa ya yi maka wannan zanen?"

"Shara na yi miki kafin ki zo."

Ta ce maganin da nake sha tsinka jini yake yi, da jinin bai tsaya ba da na kwana a lahira. Abin da suke nema kuwa zuciya ce da kanta ke zuba shi cikin jini, ko bokiti wanzami ya cika yana nan. Sakamako ya fito, haɗarin bai tafi ba.

Ɗana ya gyara zama. "Ka ji ko, Baba?"

Na ce wa likitar, "'Yata, jinin ya ce a rufe rumfa?"

"Ya ce kar ka ɗaga buhu, ka sha magani, ka rabu da wanzami."

"Zaman gida fa?"

"Zama wuri ɗaya ma zuciya ba ta son sa."

Washegari na buɗe rumfata. Ɗana ya aiko da kujera mai laushi, wai in dinga hutawa. Na sa ɗan dako ya ɗora mata buhun gero.