Alƙalin Wasan da Ba Ya Duban Ɗansa

Kaporal Illa taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, don haka in na yi masa tsiya a nan kada wani ya ce na yi rashin kunya, haƙƙina nake ci. Ni ce Hasana mai lamurje, wadda ke kafa kular ƙanƙararta a gindin dogon yaro, bakin filin ƙwallon unguwarmu a Tawa. Duk abin da aka yi a filin nan a kan idona aka yi shi.

Illa ya yi soja har gashin kansa ya gaji ya bar shi. An kai shi Agadas, an kai shi Dirku, an kai shi wuraren da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ya dawo gida da gwiwa mai ƙara in hadari ya taso, da usur ɗaya a wuya, da labarai buhu-buhu. In ya zauna a fadar masu shayi sai ka ji na raƙumin da ya cinye masa hular soja ana gobe faretin babban baƙo, ko na kukun barikinsu da ke dafa shinkafa da rairayi ya ce gishirin arewa ne. Kowace shekara raƙumin nan ƙara tsawo yake yi. Bara har ya fara leƙo kai ta saman katangar bariki.

Alƙalancin kuwa ba wanda ya naɗa shi. Wata la'asar ce yara suka kaure da dambe a kan ƙwallo, yana wucewa da buhun dusa a ka. Ya dire buhun, ya busa usur, ya daka tsawar ƙamewa irin ta soja, "Gardabu!" Yaran da ba su taɓa ganin ƙofar bariki ba suka ƙame kamar turaku, har da wani mai tallan gyaɗa da ba ruwansa da faɗan. Daga ranar nan fili ya zama nasa.

Kafin kowane wasa sai ya jera su sahu, ya duba farce, ya lalube aljihu, ya sa su rera gaisuwa ga 'yan kallo. Jan katinsa murfin bokiti ne ya yanka, rawayan kuma gefen jarkar mai. Yana gudu da baya fiye da yadda wasu ke gudu da gaba, gwiwar tana ƙas-ƙas. Ya taɓa ba ɗan mai unguwa jan kati, ya ba jikan liman, ya ba akuyar Safi maƙwabciyata da ta shigo fili sau biyu, kuma akuyar ta fita. Gaskiya dai, ban taɓa ganin mai adalci irinsa ba, sai a wuri ɗaya.

Wurin nan shi ne Muktari, ɗansa na fari. Illa irin mutanen da ne, masu kunyar ɗan fari ta gasken gaske. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, ba ya cin abinci da shi, in sun yi kaciɓis a zaure sai ya tsaya nazarin bango. An haifi Muktari yana can arewa, kakarsa, uwar Illa, ta ɗauke shi tun yaye ta rene shi a Afala, sai da ya shiga kwaleji ya dawo gidan uban. Ya dawo da ƙafar hagu wadda ni da ban san komai a ƙwallo ba na san ta Allah ce. Aka ba shi riga mai lamba tara a ƙungiyar unguwarmu, Illa kuma ya samu abin kiransa ke nan: mai lamba tara.

To, ga inda aka yi ta. Da ƙwallo ta iso ƙafar Muktari, sai Illa ya ɗaga kai sama yana duban ko za a yi ruwa. Ko ya duƙa ɗaurin takalmin da ba shi da igiya. Ko ya juyo wajena ya tambaye ni ko ƙanƙarata ta narke. Sai ya ji ƙwallon ta bar wajen sannan ya dawo aiki.

Ba a daɗe ba abokan hamayya suka gane. Yaran Tabaram suka riƙa jan wandon yaron har sai da ya koma ɗaure shi da igiyar guga. Na Afala, abokan wasansa na ƙuruciya fa, suka kayar da shi, ɗaya ya zauna a kansa yana hutawa. Wata rana ya ci ƙwallo mai kyau, turakun golanmu kuma ba raga, fili ya ɗauki ihu. Illa bai gani ba, yana duban gajimare. Sai ya taka da tafiyarsa ta soja ya je ya tambayi golan da aka ci, "Ɗana, tsakaninka da Allah, ta shiga?" Gola ya ce ko kusa. Aka ci gaba da wasa. Ranar na yi dariya har na zubar da rabin lamurjena, daga baya kuma da na ga yaron yana tafiya gida shi kaɗai da takalma a hannu, dariyar ta koma min ciki.

Sunan Illa ya kai ko'ina. Kowane gari aka gayyata gasar hutun damina, sharaɗinsu ɗaya ne, Kaporal zai busa. Shi kuma ya riƙa ƙara faɗin ƙirji a fada, wai adalcinsa ne ya zagaye Adar.

Ana cikin haka Yunusu, ƙanen matarsa Raƙiya, ya zo noma daga Abijan, ya tashi komawa. Ya ce yana neman mai taya shi tsaron teburin sayar da kaya. Muktari ya ce wa uwarsa da an gama wasan ƙarshe da Takanamat zai bi kawu, karatun ma a bar shi. Raƙiya ta zo min da kuka a bakin zane.

"Hasana, ba don ƙwallon na ba hwa. Cewa yay yi, 'Inna, mutumin ga bai taɓa ganina ba. In na tahi ma ba shi sanin na tahi.'"

Na tare Illa yana shafa wa turaku farar ƙasa. Ban yi masa kwana-kwana ba.

"Kai da raƙumi yac cinye ma hula. Mai lamba tara za shi Abijan."

Ya daɗe yana shafa wuri ɗaya. Illa ya san tafiya, ya san yadda mazan Adar ke fita da ƙuruciya su dawo da furfura, 'ya'yansu na gaishe su kamar baƙi. Tsoro na gani a fuskarsa, irin wanda ban taɓa gani ba.

"Hasana, ƙaƙa ni ka yi? In dube shi gaban jama'a? Tsohuwa na da rai a Afala, mi za ta ce?"

"Ka dube shi, kowa ba shi sani ba."

Na je wajen Ciɗo ɗan kabu-kabu na aro baƙin tabarau ɗinsa, irin mai faɗin nan da ke rufe rabin fuska. Illa ya sa, ya leƙa madubin babur, ya gyara tsayuwa. Ya ce haka wani kwamandansu ke yi a Dirku, ba ka sanin wa yake kallo sai ka ji ka a gidan horo.

Ranar wasa mutanen Takanamat suka iso cikin babbar mota da ganguna, da 'yan wasansu da aka ce duk ba su wuce sha biyar ba, amma mai tsaron bayansu Bilal har da gemu. Geron gonakin bayan fili ya kai kafaɗa, sama ta yi wasai, mata sun cika gindin bishiyata. Yunusu ma ya zo da rigar Abijan mai walƙiya, ya ce ya riga ya kama wa yaron wuri a motar jibi. Illa ya shigo da tabarau, fili ya ɗauki tafi, wani ya ce yau janar ne zai busa.

Aka take. Ƙwallo ta iso wajen Muktari, na zuba wa Illa ido. Kansa bai ɗaga ba. Yaron ya tare ta da ƙirji, ya sauke, ya ratse mutum ɗaya, ya ratse na biyu, ya tura ta tsakanin ƙafafun na uku. Usur ya faɗo daga bakin Illa ya tsaya yana lilo a wuyansa, bakin kuma ya zauna a buɗe.

Daga nan fa wasa ya rasa alƙali. Duk inda lamba tara ya yi, can Illa yake, ko da ƙwallo ko babu. Ƙwallo ta fita har gindin kulata, wani yaro ya ɗauko da hannu ya ci gaba da wasa, shiru. Golanmu da wani ɗan Takanamat suka yi kokawa sosai har da kayarwa, masu ganga suka juya kiɗa zuwa na 'yan kokawa, shiru. Akuyar Safi ta shigo ta ratsa fili a tsanake ta fita ta ɗaya gefen. Ɗan gaban Takanamat ya tsaya satar gida har yana hira da golanmu, aka ba shi, ya ci mu. Illa ya nuna tsakiya ba tare da ya waiwayo ba, don lokacin Muktari na gyara safa. Hutun rabin lokaci ma sai da jama'a suka yi ta ihu "Kaporal, rana za ta hwaɗi!" sannan ya tuna akwai agogo a hannunsa.

Ya zo shan lamurje yana haki, yana dariya shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

"Hasana! Kin gani? Kin ga abin da yay yi ma dogon nan?"

"Mu mun daɗe muna gani. An ci mu ɗaya hwa."

"An ci mu? Yaushe?"

Bayan an dawo, can kusa da tashi, Muktari ya kutsa cikin da'irar gola. Bilal mai gemu ya yi abin da kowa ya saba yi, ya sa hannu biyu ya rungumo shi ta baya ya ajiye a ƙasa, ya juya abinsa hankali kwance. Sai usur ya tsage, irin busar da ke tayar da bariki. Illa na nuna wurin bugun fenariti, hannu a miƙe, ɗaya hannun da murfin bokiti.

Fili ya fashe da ihu. Ni dai na tsinci kaina ina guɗa da ludayi a sama. Mushe Abdulrahim, malamin da ke horar da yaran Takanamat, ya rugo yana riƙe da hularsa.

"Haba Kaporal! Ƙaƙa kag gani? Kai da ba ka dubanai! Don haka hwa munka ce kai mu ka so!"

Nan Illa ya gane irin adalcin da ya kai sunansa gari-gari. Ya gyara tabarau.

"Mushe, na gani. Koma bayan layi."

Muktari ya ajiye ƙwallo. Ya saci kallon alƙali, baƙin gilashi kawai ya gani. Ya ja da baya, ya rugo, ya narka mata ƙafa. Ƙwallon nan ta tashi ta bi ta saman turaku, ta wuce kan masu ganga, ta faɗa tsakiyar gero, sai da yara suka bazama nemanta. Takanamat suka tafi da kofi suna rawa a saman mota, mutanen unguwarmu suka watse suna zagin tabarau da wadda ta aro shi.

Ina haɗa kofuna, Muktari na zaune bayan bishiyar ya kifa kai a gwiwa, Illa ya iso. Ya san yaron na nan, don sai da ya juya wa bishiyar baya. Ya cire tabarau ya miƙo min. Idanunsa sun yi ja sun jiƙe, ya ce gilashin Ciɗo ne ke sa ƙaiƙayi. Sannan ya ɗaga murya kamar ina can ƙarshen fili.

"Hasana, ki hwaɗa ma mai lamba tara, baya shi ka kwantawa in za shi bugu, shi as sa ta tashi sama. Kuma ya bar hidda halshe in shina gudu, kakanai ma haka shi ka yi, wata rana ya cije shi. Takalminai na dama ya ɓalle ta gehe, a kai ma baduku." Ya goge ido da bayan hannu. "Amma ratsar nan ta mutum ukku, ni dai tun da ni ke ban ga irinta ba. Ko a bariki."

Ya ɗaga ƙafa zai tafi, sai ya ƙara da cewa:

"Gobe da sahe ina nan ina gyaran turaku. In wani na son koyon bugu, hilin na kowa na."

Ya tafi yana ɗingishi. Sai da ya sha kwana Muktari ya leƙo, fuska duk ƙasa da hawaye, yana dariya.

"Gwaggo, hal halshen ya gani?"

"Had da safa, ɗan nan."

Washegari na fito shara da sassafe na hango su. Muktari ya jera ƙwallo a wurin bugu, Illa kuma ya naɗe ƙafar wando ya shiga tsakanin turaku, ya ware hannuwa, ba tabarau ba komai. Mai tsaron gida dai dole ya dubi mai bugu, wannan ko tsohuwar Afala ba ta da ta cewa. Yunusu ya zo ya tsaya kusa da ni da tikitin mota a hannu, ya daɗe yana kallonsu, sannan ya tambaye ni ko na san wani yaro mai son zuwa Abijan.