Goɗiyar Nikanor da Lamba ta Sha Bakwai

A kan majayin sirdi muka yi faɗa da Nikanor. Ina zaune a rumfata a matsayar dawaki, ina hura wuta ƙarƙashin tukunyar shayin ganyen koka, maganin hakin hawan dutse, sai na ga ya dafa gwiwa a haƙarƙarin goɗiyarsa yana jan majayi kamar mai ɗaure buhun dankali. Da ya gama ya saki bargo har ya rufe mata ciki.

Na ce, "Kompadre, wata nawa?"

Ya ce, "Wane wata?"

"Kada ka raina min hankali. Haihuwar dabbobin da na karɓa ta fi gashin da ya rage a kanka yawa. Goɗiyar nan ciki gare ta."

"Ciyawa ta samu, komadre."

"A ranin nan? To Allah ya sa ciyawar ta fito da ƙafa huɗu."

Ya matso ya rage murya. "Ki sayar da shayinki, Eulohiya. Bakin nan naki shi ya kai mijinki kabari da wuri."

Na jefe shi da ludayi. Wata biyu ba mu gaisa ba, ni da na yi wa 'yarsa askin farko, abin da a wurinmu ya fi zumuncin jini ƙarfi, shi ya sa muke kiran juna kompadre da komadre.

Na san abin da yake tsoro. Nikanor makiyayi ne tun tasowarsa, alfaka sittin ya gada, dabbobin nan namu masu ulu da dogon wuya. Shekarar da sanyi ya haɗiye ciyawa ya wayi gari da tara, taran ma ya yanka su ɗaya bayan ɗaya. A shekarun nan ne ƙanƙarar kan dutsenmu ta janye, ƙasa ta fito ja da kore da ruwan ɗorawa, layi-layi kamar saƙar mata. Mu dai gani muka yi ruwan kiwo ya ragu. Baƙi kuwa sai ga su mota-mota, su sauka suna haki, leɓe shuɗi, suna neman dokin da zai kai su sama.

Taron gari ya raba lambobi arba'in na izinin ɗaukar baƙi a doki, gida ɗaya lamba ɗaya, Nikanor ya sami ta sha bakwai. Aka kuma yanke cewa goɗiyar da ta ɗauki ciki ta fita layi, lambarta ta koma gidan da ke jira. Gida talatin ne ke jira, kuma lamba in ta tafi sai an yi mutuwa take motsi. Shi kuwa wannan goɗiya kaɗai gare shi, ga matarsa Asunta kwance shekara uku, ƙafafu sun ƙi ɗaukarta.

Sau uku a rana yake hawa, ragama a hannu, takalmin taya a ƙafa, ganyen koka a kunci, yana sassarfa gaban goɗiya. Shekararsa sittin da biyu. Ban taɓa ganin ya hau sirdin nan ba ko da ya dawo babu kowa a kai. Cewa yake na baƙi ne.

Ban kai ƙararsa ba. Kullum da safe sai in ajiye kofin shayi a kan dutsen da yake ɗaure ta, ya sha ya kife kofin, ba wanda ya kalli wani. Cikin kuwa yana ta girma, bargo yana ƙara tsawo.

Ranar da abin ya fashe iska ake yi mai yanka kunne. Nikanor ya kai wata baƙuwa har can sama inda dawaki ke tsayawa, ta ƙarasa tudun ƙarshe da ƙafa, can ta yanke jiki ta faɗi. Ciwon tsayin dutse ne ya kama ta, irin wanda in ba a sauko da mutum da sauri ba sai gawa. Sauran dawaki duk sun gangaro. Jagoran baƙin ya ciccibo ta yana kiran lamba sha bakwai. Daidai lokacin goɗiya ta fara zagaye tana kallon cikinta, gumi na zuba, ruwa na bin ƙafafunta na baya.

Wata mai sayar da huluna da ke wurin ta ba ni labari. Ta ce jagoran ya ce, "Tayta," wato baba, "ɗora ta mana, me kake jira?" Nikanor ya tsaya riƙe da ragama kamar an dasa shi. In ya ɗora, goɗiya da ɗanta ba za su kai ƙasa ba. In ya ƙi, sai ya faɗi dalili. Sai ya kwance majayi, ya jefar da sirdi, ya yaye bargon nan kowa ya ga ciki. Ya shimfiɗa bargon, ya goya baƙuwar da shi kamar jaririya, ya ƙulle a ƙirji.

Mace ce doguwa, ƙafafunta na jan ƙasa. Haka ya gangaro da ita tafiyar sa'a guda, goɗiya na biye da shi tana tsayawa tana nishi. Daga rumfata na hango su, mutum talatin na kallo, har da shugaban taro. Ya sauke ta a bakin mota, ya durƙusa, ya yi tari a tafin hannu ya goge a wando da sauri. Na ga launin abin da ya goge, ja ne.

A bayan rumfata goɗiya ta haihu, ni na jawo duƙushin da hannuna. Baƙuwa ta farfaɗo a hanya, aka ce. Taro ya zauna ranar Lahadi. Na miƙe na ce da su duk wanda ya taɓa goya baƙo a bayansa ya fara ɗaga hannu a ƙwace lambar. Suka sunkuyar da kai, suka ɗaga hannuwan a haka. Lamba ta koma gidan wani da yake jira shekara biyar da 'ya'ya shida, ban ma iya zaginsa ba.

Nikanor ya yi mako uku yana zuwa matsaya da sassafe ba doki, ya zauna a kan dutse yana tambayar ko akwai wanda ke son a ja masa ragama. Tari bai bar shi ya kai ko rabin hanya ba. Daga baya 'yarsa ta zo daga birni da motar haya don ta kwashe su. Aka shigar da Asunta a kujera. Shi kuwa ya jawo goɗiya da ɗanta har ƙofata.

Ya ce, "Komadre, in duƙushin ya isa sirdi, kina ganin za su mayar min da..."

"Ba za su ba."

"Wani zai iya mutuwa."

Na ce, "Kai ne na farko a wannan layin in ka ƙara kwana a nan. Shiga mota, kompadre. In kun isa ka nuna wa likita ƙirjinka, kuma ka gaya masa gaskiya tun a tambayar farko."