Na'urar Intanet a Akwatin Baba Saja

Jama'a, yau kaina ya ɗaure a ofishinmu na Rikoto!

Jiya na kafa na'urar intanet marar waya a bango. Yau sabis ya ɗauke. Kwamfutata ta nuna na'urar tana aiki, amma bango wayam!

Na bi wayoyin da ke kai mata wuta da intanet har sito. Ashe Baba Saja maigadi, tsohon soja, ya kulle ta a akwatinsa na ƙarfe, har ya huda wa wayoyi hanya!

Na ce, "Baba, ai sabis ba ya ratsa ƙarfe!"

Ya ce, "Yaro, a bariki abu mai eriya ba ya kwana waje."

Oga ya ce Baba ya kyauta. Wai ni ne injiniya, in san yadda sabis zai fito, amma akwati ba za a buɗe ba!