Amyoyin da Isyaku Ya Sauke

Bazarar bana ce ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar Isyaku, ɗan kawuna kuma taubashina, mutumin Yasore ta ƙasar Batsari. Masu karanta wannan jarida ba su san shi ba, kuma babu dalilin da zai sa su san shi. Bai riƙe sarauta ba, bai tara dukiya ba, ko aikin da ya yi wa hukuma ba a tabbatar masa da shi ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Na daɗe ina riƙe da labarinsa a ciki. Yanzu na ga ya kamata in faɗa, domin waɗanda suka san yadda abin ya gudana suna ta ƙarewa, kuma ni aikina rubuta abin da ya faru ne kamar yadda ya faru.

Tare aka sa mu Elementare, tare aka kai mu Midil a birni, tare kuma muka fito a shekarun da Turawa ke fama da babban yaƙinsu. Ran da aka sallame mu, abin da aka ce mana bai wuce wannan ba: kowa ya koma gida, za a neme shi. Ni aka neme ni kafin kaka, aka ba ni wuri a ƙarƙashin magatakardan alƙali a Safana. Ba don na fi Isyaku ƙoƙari ba ne. Rubutunsa ya fi nawa kyau, a lissafi kuwa ko kusa da shi ba na zuwa. Shi sai da damina biyu ta wuce ta kansa babu wanda ya tuna da shi.

Wanda bai yi irin wannan zama ba, da wuya ya gane nauyinsa. Ɗan makarantar da ya koma ƙauye ba shi da wurin tsayawa. In ya ɗauki fartanya, a ce to me aka je yi birni shekara da shekaru. In ya zauna, a ce boko ya kashe masa zuciya. Ba shi da damar tafiya cin rani da tsaransa, don kada manzo ya zo ba ya nan a ba wani. Ba shi da damar neman aure, don tambayar farko da za a yi wa waliyyinsa ita ce sana'arsa. Kawu, mahaifinsa, malami ne mai zaure cike da ɗalibai, kuma tun farko ba da son ransa aka ɗauki yaron ba. Bai taɓa yi masa gori ba, amma kullum da safe yakan matsa masa wuri a kan buzu, ya ce, "Littattafan nan dai ba su ce da kowa ya jira ba."

Abin da ya riƙe Isyaku a wannan zama shi ne zuma. Tun muna yara, in an ba mu hutu, ni ina kwance gindin ɗaki shi yana Runka, wani ƙauye a bakin daji, wajen Baffa Sambo, wani Bafulatani mai shanu da gona, abokin Kawu, wanda duk yankin an san shi da rataye amya. A wurinsa ya koyi saƙa ta da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a turara cikinta, a hau ɗorawa ko kirya a ɗaure ta a reshen da ya dace, sannan a bar wa Allah har ƙudan zuma su shiga. Ya koyi kuma dokar da ba a rubuta ba: kowace amya da alamar mai ita, kuma mutum ba ya nuna wa baƙo itacen da wani ya rataye tasa. Baffa Sambo ya zaga da shi lungunan dajin nan duka, saboda ya ɗauke shi ɗa.

Wata Jumma'a na je Yasore na same shi a bayan gida, hannuwansa dumu-dumu, yana shafe sabuwar amya.

Ya ce, "Akawu, tsaya daga can. Kada kashin shanu ya taɓa farar rigar nan alƙali ya kore ka, mu zama mu biyu a gindin bishiya."

Na ce, "Ashe duk Turancin nan da aka ɗura maka da ƙudan zuma za ka yi shi."

Ya ce, "Su dai in na yi musu ɗaki suna zuwa. Ofishinku sau nawa na yi sallama?"

Muka yi dariya, amma na lura ko a lokacin kunnensa na kan hanya. Kowane ƙarar keke sai ya ɗaga kai.

Daga baya aka neme shi, kuma zumar ce ta jawo. An faɗaɗa iyakar gandun daji ta haɗiye wani yanki na dajin da ke yamma da Runka, ana bukatar mai karatu wanda ya san wurin. Wani ya ambaci sunansa. Aka ɗauke shi malamin daji, amma na gwaji: in an ga kamun ludayinsa ya yi, a tabbatar da shi. Da wannan alkawari aka ba shi auren Hajara, da shi ya gina ɗaki a Runka. Shekararsa ta farko ita ce mafi daɗi a rayuwarsa, shi da kansa ya faɗa mini. Yakan yi wa hukuma kwanakinta, yana duba turakun iyaka da masu saran itace, ranar hutu kuma ya tuɓe rigar aiki ya hau bishiya. Abokan aikinsa suna yi masa ba'a, wai malami da alƙalami a aljihu yana lilo a reshe. Bai damu ba. Yana ganin ya sami hanyar riƙe abu biyun tare.

A shekara ta biyu gobara ta ci wani sashe na gandun. Aka ɗora laifin a kan hayaƙin masu ɗiban zuma. Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, wuta takan kuɓuce wa mai ɗiban zuma, kamar yadda takan kuɓuce wa maharbi da makiyayi. Amma umarnin da ya fito bai tsaya bincike ba: duk amyar da ke cikin iyaka a kakkaɓo ta a ƙone kafin ciyawa ta bushe. Baturen da ke kan aikin ya kira Isyaku ya shaida masa cewa shi zai yi, tunda shi kaɗai ya san inda suke, kuma a kan wannan za a duba maganar tabbatar da shi. A nan ne raina ke ɓaci har gobe. Abin da aka damƙa masa amana yana yaro, shi aka ɗauke shi aiki dominsa, shi kuma aka ce ya sayar kafin a ba shi kujera.

Ya zo Safana ya same ni bayan an tashi daga shari'a. Bai nemi shawara ba, faɗa mini kawai ya yi. Ya ce, "In na ƙi, za a turo dogarai da ashana, su ƙone wadda suka gani har da itacen. In na bar aikin, Hajara ga ciki, in koma gindin bishiya in ce wa ubanta me? In kuwa na yi, to, ni ne na yi." Sannan ya ce, "Zan sauke su. Amma ba zan ƙone ko ɗaya ba."

Da nasa ya fara. Yakan fita da sanyin asuba kafin ƙudan su watse, ya hau, ya toshe bakin amyar da ganye, ya zuro ta da igiya a hankali, a ɗauka a ka har bayan iyaka, ya sake hawa wani itacen ya ɗaure. Aiki ne da ba ya yiwuwa da gaggawa. Da ya gama da nasa, ya tafi rugar Baffa Sambo ya durƙusa ya faɗa masa abin da ke tafe. Hajara ce ta ba ni labarin yadda suka yi, kamar yadda ya ba ta.

Tsohon ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Wanga itace na bakin rafi da kake cewa, wa ya nuna maka shi?"

Ya ce, "Kai ne, Baffa."

"Na bayan dutse fa?"

"Kai ne."

Ya ce, "To, tashi ka yi aikinka, malamin daji."

Kafin ranar bai taɓa kiransa da wani suna ba sai "ɗana".

Babu wanda ya zage shi a Runka, babu wanda ya ɗaga masa hannu. Gaisuwa kawai suka rage masa. A ƙasarmu in ka gai da babba sai an bi gida da iyali da shanu da gajiya, a dawo a sake. Shi kuwa in ya durƙusa, sai a ce "lafiya" sau ɗaya a juya ga na kusa. Haka a masallaci, haka a kasuwa, haka a wurin suna. Kuma suna da hujjarsu. Bayan iyaka itatuwa masu fure ba su da yawa, wasu ƙudan sun gudu, kuma da wani baƙo aka turo da rabin amyoyin sun tsira a ɓoye. Wanda ya san komai ne bai bar komai ba.

A ofis kuma aka ce ya cika nawa. Ciyawa ta bushe bai gama ba, aka turo dogarai suka ƙone sauran, abin da ya guda tun farko. Aka ƙara masa wa'adin gwaji, aka sake ƙarawa. Daga ƙarshe aka kawo wani wanda ya yi kwas a makarantar aikin daji aka ba shi wurin, aka ce da Isyaku ya koma gida, za a neme shi. Ya kwashe iyalinsa ya koma Yasore. Bai sake saƙa amya ba. Na taɓa tsokanarsa a kan haka, irin ta taubasai, ya ce, "Akawu, da wace fuskar zan hau itace?" Ya zauna a zauren Kawu yana biya wa ɗalibai karatu, yana rama, kunnensa na kan hanya. Da bazara sanƙarau ya shigo garin, ya ɗauke shi cikin 'yan kwanaki, bai kai talatin ba. Ya bar Hajara da 'ya ɗaya.

Yau ga shi ana ta maganar mulkin kai, ana cewa ofisoshin nan hannunmu za su dawo. Makarantu sun ƙaru, masu fitowa sun ƙaru, kuma duk safiya ina wuce su a bakin ofis sanye da rigunan da aka wanke jiya, suna jiran a ce wani abu. Nakan tambayi kaina abin da Isyaku zai ce da ya gan su. Ina jin ba zai yi musu wa'azi ba. Zai tambayi kowannensu abin da hannunsa ya iya, kuma da yawa za su ji kunyar faɗa, domin mun koya musu cewa mai takarda ba ya ƙira, ba ya kiwon tantabara, ba ya hawa itace. Mun raba su da abin da zai riƙe su a lokacin jira, ba mu kuwa rage musu jiran ba.

A watan jiya aka tara mutane a kasuwar Safana. Wani malamin gona ya zo da akwatin katako, yana bayani cewa hukuma na son a dage da kiwon zuma, domin ana neman kakinta a ƙasashen waje. Ya ce har a cikin gandu za a ba da izini ga wanda ya nema. Na tsaya ina saurare, na rasa abin da zan yi da fuskata. Na san da Isyaku na nan dariya zai yi har ya riƙe ciki, ya ce in tambaya ko akwatin ma na gwaji ne. Ni ban iya dariyar ba.

A gefen taron na ga Baffa Sambo zaune a kan tabarma, ya tsufa ƙwarai, ganinsa ya yi rauni. Na durƙusa na faɗa masa ko ni wane ne. Bayan mun gaisa ya ce, "Amyoyin da ɗan'uwanka ya sauke, mafi yawansu sun zauna. Shekara ta farko ce suka yi gardama. Har yau zumar jikokinsu nake sha."

Na ce, "Baffa, ya san haka kafin ya rasu?"

Ya ce, "Bai sani ba. Na ce sai zuciyata ta huce in ɗauki ƙwarya guda ta zuma in tafi Yasore da kaina. Ina cewa bana, ina cewa baɗi. Yaro ne, mi zai same shi?" Ya shafa gemunsa. "Sai labari ya riga ni."

To, abin da ya rage na Isyaku ke nan in an auna: 'ya ɗaya da ta kusa isa aure, ba ta tuna kamanninsa, ƙudan zuma a bayan iyakar gandu waɗanda ba don shi ba da sun zama toka, da tsoho guda mai nadamar da ba ta da inda za a kai ta. Akwai masu cewa wannan ya isa, tunda ya yi abin da ya ga shi ne daidai a wurin da babu daidai. Ni bai ishe ni ba. Mutum ne da ya iya aikinsa ya kuma iya abin da yake so, aka sa ɗayan ya cinye ɗayan, sannan aka karɓe wanda ya rage. Hukuma ta ce ya jira, mutanensa suka ce ya jira, kowa yana ganin akwai sauran lokaci saboda yaro ne.

Ku da za ku hau kujerun nan ba da daɗewa ba, roƙona gare ku ɗaya ne. In kun ce da ɗan mutane ya koma gida za a neme shi, ku faɗa masa ranar. In kuwa babu ranar, ku faɗa masa babu, ya san inda zai sa ƙarfinsa tun yana da shi.

Allah Ya jiƙan Isyaku, Ya yalwata masa makwanci, Ya saka masa da abin da bai samu a hannunmu ba.