Rokar Hanan

Aminullahi Jumare direban bas ne a Manchester, mutum mai kaffa-kaffa, wanda ya daɗe a unguwar Whalley Range ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Tun da ya rabu da matarsa, 'yarsu Hanan ta koma Birmingham wajen uwarta. Sai ƙarshen wata yake ganinta, hirarsu kuwa kullum raguwa take yi.

Da ta ce tana son ƙaramar roka irin ta 'yan koyo, nan da nan ya saya. Ta waya suka haɗa ta, ita tana gaya masa inda kowane fiffike zai zauna, shi yana shafa gam. Ya yi mata alkawarin za su harba ta ranar Asabar.

Da safiyar ranar ya ɗauki ɗan injin rokar, wanda bai fi yatsa ba, ya ji warin albarushi. Ya dubi gemunsa a madubi, ya tuna sunansa, ya tuna 'yan sandan tashar jirgin ƙasa. Sai ya mayar da injin cikin durowa.

A filin wasa na Balsall Heath da ke Birmingham, Hanan ta leƙa gindin rokar ta ga wayam.

"Baba, ina engine ɗin?"

"Na manta, Mamana."

"Kai da ko lema ba ka mantawa?"

Ta miƙa masa rokar, ta ce ya bar shi kawai, mijin Mummy zai saya mata wata.

Ya komo Manchester a jirgin ƙasa da rokar a kan cinyarsa. Har ya sauka, babu wanda ya ko dube shi.